Wanne Ne Isuwa a 'Ya'yan Ishbel

Duk wanda ya yi zama a cocinmu na bakin kogin Clarence ya san Ishbel Gillies, ko da bai taɓa jin muryarta ba. Ita ce doguwar matar nan mai baƙar hula da ke zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, hannuwa a dunƙule bisa cinya kamar wadda ke jiran a kira ta gaban alƙali. Mutane kan ce mata mai tsoron Allah. Ba su yi ƙarya ba, sai dai nata tsoron ba irin wanda ake yabon mutum da shi bayan ransa ba ne. Tsoro ne tsagwaronsa, irin mai tsayar da loma a maƙogwaro.

A wani tsibiri cikin kogin aka haife ta, gidan masu shanun tatsa da 'yar gonar rake. Kakanninta daga Skye suka zo, wani tsibiri mai nisa can ƙetaren teku, ba su kawo komai ba sai Zaburarsu da taurin kansu da koyarwar da aka rene mu duka a kanta: tun kafin a kafa duniya Allah ya zaɓi nasa, ya san su ɗaya bayan ɗaya, ba mai shigar da kansa ciki da aikin kirki, ba mai faɗowa daga ciki. Sauran kuwa ya bar su cikin rashin bangaskiyarsu, kuma hukuncin da zai yi musu a kai adalci ne. Yara na haddace wannan su karanta wa dattijon coci ranar Lahadi, su fita wasa su manta. Ishbel ce ta haddace ta kasa mantawa.

Tana 'yar yarinya, wata rana suna ɓarar wake da kakarta Morag a barandar gida, ta ce, "Kaka, ke kina cikinsu?"

"Cikin su wa?"

"Zaɓaɓɓu."

Tsohuwar ta dakata da ɓara. Kaka Morag ita ce matar da duk tsibirin ke misali da ita. Ita ke jinyar marasa lafiya, ita ke wanke gawa, ko kare ba a taɓa jin ta daka wa tsawa ba.

Ta ce, "'Yar nan, in na ce ina ciki, na yi wa Allah shisshigi. In na ce ba na ciki, na raina jinƙansa. Turo mini kwanon nan."

"To yaya mutum zai sani?"

"Akwai alamu, in ji waɗanda suka gani."

"Ke kin gani?"

"Na ce ki turo mini kwano."

Ba a jima ba Kaka Morag ta kwanta ciwon ajali. Da hantsi aka tara jikoki a bakin ƙofa su yi mata sallama. Ishbel ta zaci za ta ga fuska mai haske, yadda ake ba da labarin mutuwar bayin Allah. Abin da ta gani tsohuwa ce ta damƙe zanen gado da hannu biyu, ido a waje, tana ce wa fasto, "Ban ga komai ba. Duhu ne. Ka tabbata? Ka tabbata?" Fasto yana karanta mata Zabura, ita kuwa tana tambaya, har numfashi ya ɗauke.

Daga ranar abin ya shiga jikin yarinyar ya zauna. In Kaka ba ta ga alama ba, ina ga ita, da ta taɓa shan kirim ɗin madara a ɓoye ta ɗora wa kyanwa? Ta shiga binciken kanta kamar mai tsifar kai tana neman ƙwarƙwata. In ta yi addu'a hawaye ya zo, sai ta ce kukan munafunci ne, Isuwa ma, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce Allah ya ƙi, ya yi kuka. In bai zo ba, sai ta ce ga taurin zuciyar nan ya fara. Ranar Jibin Ubangiji, da masu bi ke cin gurasa a coci don tunawa da mutuwar Almasihu, in fasto ya gama gargaɗin cewa wanda ya ci bai cancanta ba hukunci ya ci wa kansa, ta ga mutane suna tashi suna nufar teburi, sai ta ji ƙafafunta kamar an kafe su da ƙusa. Ba ta tashi ba a ƙuruciya, ba ta kuma tashi ba har tsufa.

Abin mamaki, mutumin da ta aura ko kusa ba irinta ba ne. Hector Gillies mai fito ne, shi ke jan jirgin da ke ƙetarar da mutane da kekunan doki da gwangwanayen madara daga tsibiri zuwa gaɓa. Ƙato ne mai dariya, yana rera Zabura da muryar da ke razana tsuntsaye, ya dawo gida ya ci naman tunkiya mai sanyi na ranar Lahadi ya yi barcinsa.

Takan ce masa, "Kai ba ka taɓa jin tsoro ba ne, Hector?"

"Ina ji mana. Ina tsoron igiyar fito ta tsinke da ni a tsakiyar kogi, ina kuma tsoron burodinki in kin toya shi kina tunani."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ke, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. In ya nufe ni, ya nufe ni. Abin da ya ce in yi shi ne in zo wurinsa, na kuwa zo. Sauran aikinsa ne, ba nawa ba."

Sai ta dube shi ta rasa ko bangaskiya ce wannan ko sakaci, ta ƙara shi cikin abubuwan da take tsoro.

Da ta sami ciki, ungozoma ta taɓa ta ce biyu ne. A gidajenmu ana karatun Littafi Mai Tsarki bayan abincin safe da na yamma, a bi shi a jere, ba tsallake. Tana da cikin nan Hector ya iso labarin 'yan biyun Rifkatu, waɗanda tun suna ciki, ba su aikata alheri ko mugunta ba, aka ƙaunaci ɗaya aka ƙi ɗaya. Yana karantawa yaran suka motsa a cikinta. Ta dafe cikin, gumi ya karyo mata. Hector ya rufe Littafin ya yi addu'a ya tafi wurin fito, bai lura da komai ba.

Ranar haihuwa, ɗan farko ya fito da gashi ja wur. Ungozoma ta ɗaga shi tana dariya ta ce, "Wannan jan ne sarkin gaggawa." Na biyu ya biyo baya, baƙin gashi, shiru-shiru. Jan gashi ba baƙo ba ne a dangin Hector, kawunsa ma haka yake. Amma Ishbel ta san wane ne ya fito ja a cikin 'yan biyun Rifkatu, Isuwa ne, wanda aka ƙi, ta kuma san shi ne ya riga fitowa. Aka miƙa mata jaririn, ta kasa rungumarsa har ungozoma ta sake karɓarsa.

Suka sa wa jan suna Ewen, ɗayan Calum. Ba ta gaya wa kowa abin da ke ranta ba, ta zuba ido kawai. Abin da take gudu kuwa kamar da gangan ya dinga bayyana. Calum yaron gida ne, yana bin ta wurin tatsa, yana haddace duk abin da aka ba shi. Ewen ɗan daji ne, kullum yana bakin ruwa da ƙugiya ko cikin rake yana ɗana wa zomo tarko, ya dawo da yunwa kamar kura. Ta fi son Ewen, wannan ma ta sani, son da ke haɗe da fargaba. Shi take ƙara wa nama, shi kuma take yi wa dukan da ba ta yi wa Calum.

Wata rana ta fito daga kicin ta ji Ewen yana ce wa ɗan'uwansa, "Ba ni rabonka na kek ɗin nan in ba ka wuƙata." Wuƙar da ubansa ya ba shi ce. Kafin Calum ya miƙa hannu ta fizgo Ewen ta shiga dukansa da cokalin katako, tana duka tana kuka, har Hector ya shigo ya raba.

Ya ce, "Uwar biyu, lafiya? Wuƙa ce fa. Gobe zai ƙwace abarsa."

"Ba za ka gane ba. Ya sayar da abin ubansa saboda ciki, kamar yadda Isuwa ya sayar da gadonsa."

Hector ya tsaya yana kallonta, a hankali abin ya faɗo masa. Ya daina murmushi. Ya ce, "Ishbel, ki kiyayi kanki. Allah bai ba ki wannan alƙalancin ba. Yaro ne mai jin yunwa." Amma ba ta daina sa wa yaron ido ba.

Da yaƙi ya zo, Calum ya zauna saboda shanu, Ewen ya sa kaki ya tafi. Labari ya zo cewa Japanawa sun kama rundunarsu, daga nan shiru, shekara da shekaru. A cikin shirun nan Hector ya faɗi a kan jirgin fito wata safiya, zuciya ta tsaya, ba a kai shi gaɓa da rai ba. Ishbel ta rasa mutum ɗaya tak da ke iya sa ta dariya. Addu'arta ta koma guda: kada Ewen ya mutu a can kafin ya tuba.

Bai mutu ba. Ya dawo kamar an zare masa nama an bar fata, haƙora sun zube, yana tari, jan gashin ya koɗe. Ta yi ta ɗura masa madara da ƙwai da romo har ya soma cikowa. Lahadin farko ta goge masa kwat ta rataye a ƙofar ɗakinsa. Da suka dawo daga coci ita da Calum, kwat ɗin na nan inda ta bar shi, shi kuwa yana bakin kogi da ƙugiya, a ranar Ubangiji, a gaban duk masu wucewa.

A teburin abinci Calum, wanda lokacin har an fara maganar naɗa shi dattijon coci, ya ce, "Mutane sun tambaye ka."

"Ka ce musu ina gaisuwa."

"Ewen, ranar Ubangiji ce."

Ewen ya ajiye cokali. Ya ce, "To malamin gida, bari in tambaye ka. Wa ya taurare zuciyar Fir'auna?"

"Shi ya fara taurare ta da kansa. Allah ya bar shi da abin da ya zaɓa."

"Ba haka Baba ya karanta mana ba. Cewa aka yi Allah ne ya taurare ta, sannan ya nutsar da shi saboda taurin. Ka ɗaure akuya a turke, ka kira ta, ka doke ta don ba ta zo ba."

"Tukunya ba ta tuhumar magininta."

"Tukunya ba ta jin zafi, ɗan'uwa. Ni na ji." Ya yi tari ya goge baki. "Akwai wani yaro da muke aikin hanyar jirgin ƙasa tare a hannun Japanawa, bai kai mu shekaru ba. Bai san coci ba, ba wanda ya taɓa kai shi. Rabin shinkafarsa yake ba ni don ya ga na fi shi rama. Amai da gudawa suka kashe shi a kan tabarmar gora, yana kiran uwarsa. Ta koyarwarku, daga wannan tabarma wuta ya wuce, kuma tun kafin a yi duniya aka tsara haka. To wanda ya tsara wannan ba na son haɗuwa da shi. Gara mini a ce babu kowa a can."

Ishbel ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki, da gaske tana jiran ya tsage.

Calum ya sassauta murya ya ce, "Ban san abin da ya faru da yaron nan ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, ba wanda ya taɓa zuwa wurin Almasihu aka kore shi. Ƙofa a buɗe take. Kai ne ba ka so."

"Kai wa ya ba ka naka son?"

Calum ya ce, "Alheri ne. Ba ni na yi ba."

"To ka gani. Ni ba a ba ni ba. Ka riƙe naka, ka bar ni da kifina."

Ishbel ta ce, "Ewen, don Allah ka yi shiru. Ana jin ka."

Ya dube ta, fuskarsa ta yi laushi. "Yi haƙuri, Mama. Ba zan ƙara faɗa a gabanki ba."

Ya cika alkawari, bai ƙara ba. Ya gina 'yar bukka a gaɓa, ya sayi kwalekwale, ya zama masunci. Kowace Asabar ya kawo mata kifi, ya gyara mata shinge, ya sumbaci goshinta ya tafi. Matan coci suna ce mata, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai haƙuri." Ita kuwa duk lokacin da ta ji an yi tsawa, ko ta ga hadari ya haɗo yana kan ruwa, sai ta tsaya a baranda har ta hango kwalekwalensa.

Sai shekarar babbar ambaliya. Ruwan sama ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, kogi ya yi ja ya kumbura. Calum ya kora shanu ya ƙetarar da su tudu, ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Ta ce ya tafi, gidan a kan ginshiƙai yake, ruwa bai taɓa hawa baranda ba tun zamanin kakanni. Kafin ya juyo igiyar fito ta tsinke. Da safe ruwa yana matakala, kafin rana ta take yana cikin ɗaki, kujeru na yawo. Ta taka teburi, ta bi ta tagar sama, ta rarrafa bisa rufin kwano, mace mai furfura cikin jiƙaƙƙiyar riga.

Daga can ba ta ga tsibiri ba, sai ruwa da kawunan itatuwa. Matattun shanu na wucewa ƙafa a sama. Wani baƙin maciji ya hauro ta bututun ruwa ya naɗe a kan kwanon, tazarar taku kaɗan da ita, shi ma yana neman tsira. Ba ta iya motsi ba. Ta tuna mutanen zamanin Nuhu, ba waɗanda ke cikin jirgi ba, waɗanda aka rufe ƙofa suna waje, su ma haka suka hau rufi. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshe ya ƙi. Abin da ke kai-komo a kanta kawai shi ne: yau za ki sani.

Can la'asar ta ji ƙarar filafili a ruwa. Ewen ne, shi kaɗai, tsirara daga ƙugu zuwa sama, haƙarƙarinsa a waje, yana yaƙi da igiyar ruwa. Ya maƙale kwalekwalen a gefen rufi, ya sa filafili ya share macijin ya faɗa ruwa.

"Sauko, Mama. Juyo da baya, sa ƙafarki a kafaɗata."

Ta kasa. Wani tunani ya zo mata, na annabin nan da kifi ya haɗiye, wanda jirgi ya kusa nutsewa saboda shi. Kwalekwalen nan zai ɗauki mutum biyu, ɗaya ya ƙi Allah a fili, ɗayar ba ta taɓa sanin matsayinta ba. Saboda wanne zai kife?

Ta ce, "Ewen, in jirgin nan ya kife, ina za ka?"

"Ƙarƙashin ruwa, tare da ke. Shi ya sa nake so ki zauna a tsakiya kada ki motsa. Sauko, hannuna ya gaji."

Ta sauka. Duk tsawon hanyar idonta a rufe, tana riƙe da katakon jirgi, tana jin itatuwa na gogar ƙasansa, tana jin numfashin ɗanta yana fita da ƙyar kamar zarto. Ya kai ta tudun makaranta inda aka tara mutane, ya miƙa ta ga Calum. Ta riƙe masa hannu ta ce ya zauna ya sha shayi. Ya ce akwai mutane a kan rufi can gangaren kogi, da jariri. Ya zame hannunsa ya koma.

Haka ya yi ta yi har ruwan ya fara janyewa. Ba wanda ya san iyakar mutanen da ya kwaso, ciki har da dattawan cocin da suka daina amsa gaisuwarsa. Da ya gama, ciwon haƙarƙari ya kama shi. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce huhun da ya dawo da shi daga yaƙi dama saura ne.

A gidan Ishbel ya kwanta, bango duk alamar laka, ɗaki yana warin danshi. Tana shafa masa ruwa a goshi, tana ganin yana tafiya, tsoron da ta ɗauka tun ranar da aka haife shi ya taru wuri ɗaya. Wata rana da yamma ta durƙusa a bakin gadon.

"Ewen, ka ce ya ji ƙanka. Kalma ɗaya. Ba don ni ba, don kanka."

Ya buɗe ido. "Mama, in na faɗa, don ke zan faɗa. In yana nan, ya san ƙarya ce."

"To ka roƙe shi ya ba ka gaskiyar."

"Ke kin roƙa tun kina yarinya. Ya ba ki?"

Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce. Ya ce ta buɗe masa taga yana son ganin kogi. Ta buɗe. Ya daɗe yana kallo, sai ta ga leɓunansa suna motsi. Ta kai kunnenta dab da bakinsa, ta riƙe numfashinta. Iska kawai ta ji. Ko addu'a ce, ko ruwa yake nema, ko sunan yaron nan na tabarmar gora yake kira, ba ta sani ba. Kafin rana ta faɗi ya cika.

A wurinmu ba a yabon mamaci a bakin kabari, ba a kuma cewa ga inda ya tafi. Aka karanta, aka yi addu'a domin masu rai, aka rufe. Mutanen da ya kwaso daga rufi sun cika maƙabarta, suna tsaye da huluna a hannu, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Bayan 'yan makonni ta je wurin Fasto Munro, tsohon da ya yi wa 'yan biyun baftisma. Ta same shi a bayan gida yana kwashe lakar ambaliya daga lambunsa da shebur. Ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Fasto, ɗana yana wuta?"

Ya jingine shebur ɗin. "Ba a nuna mini ba, Ishbel."

"Ya mutu bai ba da gaskiya ba. Ku kuka koya mana abin da wannan ke nufi."

"Mun koyar. Ban janye ba."

"To ka ji abin da ya kawo ni. An ce a ranar ƙarshe zaɓaɓɓu za su ga hukuncin su ce daidai ne. Na gwada. Na durƙusa na ce, in don wannan ka halicce shi, daidai ne. Bakina ya ƙi. Ba zan iya cewa amin a kan Ewen ba. Ka ga ke nan ni ma ba na ciki. Zuciyata tana jayayya da adalcin Allah."

Tsohon ya goge hannu a wando. Ya ce, "Ibrahim ya tsaya ya yi ta ciniki da Allah a kan birnin Saduma, ba a kore shi ba. Abin da ya dogara da shi a ƙarshe shi ne mai shari'ar duniya ba zai yi zalunci ba. Ba a ce ki sa hannu a hukuncin da ba ki gani ba. Ki tuna ɓarawon nan da aka gicciye tare da Ubangijinmu. In uwarsa tana cikin taron, daga nesa, me ta gani? Ɓarawo ta gani ya mutu mutuwar ɓarayi. Ba ta ji tubansa da alkawarin da Ubangiji ya yi masa a can bisa gicciye ba. Ta koma gida da irin nauyin da kike ɗauke da shi, alhali ɗanta yana Firdausi."

Har ya zaci maganar ta ratsa Ishbel. Sannan ta ce, "Ɓarayi biyu ne aka gicciye tare da shi, Fasto. Ɗayan da bai tuba ba ma yana da uwa."

Ya raka ta har bakin hanya, ya tsaya yana kallonta tana tafiya.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan wannan, a gidan Calum da matarsa. Tana tatsa har hannunta ya daina iya matse hantsa, tana renon jikoki, tana zama a bencinta na ƙarshe. Ba ta ƙara ambaton sunan Ewen a gaban mutane ba. Daga baya hankalinta ya fara gushewa. Ta manta sunayen jikoki, ta manta Hector ya mutu, takan tambaya ko fito ya dawo. Iyalin suka yi fatan tsoron ma zai tafi tare da sauran abubuwa. Shi ne bai tafi ba. Takan zauna a baranda tana rawar jiki, a tambaye ta me ya faru ta ce ba ta sani ba, amma akwai abin da ake jira.

Wata safiya Calum ya kawo mata kunu. Lokacin kansa ya yi fari fat, ya daɗe yana dattijon coci, mutum ne da ko a cinikin saniya ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ta ɗago ta dube shi, fuskarta ta canza.

"Ewen? Ka dawo?"

Ya tsaya da kwano a hannu.

Ta kamo rigarsa. "Gaya mini. An karɓe ka?"

In Calum ya ce e, ya faɗi abin da Allah bai bayyana ba, da bakin mamaci. In ya ce shi ba Ewen ba ne, ya san abin da zai gani a idonta. Ya durƙusa ya ajiye kwanon.

Ya ce, "Ga ni, Mama."

"An karɓe ka?"

"Ga ni nan kusa da ke. Sha kununki kada ya huce."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, ta shafa kansa, ta saki rigar. Ta shanye kunun tas, abin da ta yi watanni ba ta yi ba, ta jingina da kujera barci ya ɗauke ta cikin hantsi. Calum ya fita wurin shanu. Ya kasa tatsa yadda ya saba har saniyar farko ta harbi bokiti, matarsa ta zo ta karɓi tatsar ba ta tambaye shi komai ba.

A sanyin shekarar nan Ishbel ta rasu, cikin barcin rana, ba ta ce komai ba. An binne ta a tudu, tsakanin Hector da Ewen, domin nan ne wurin da ya rage.